Waiwaye: yadda kiwo a cikin unguwa ya zama maganar doka

Wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya san gida ba ya cika sai da turke. Awaki biyu a kusurwar tsakar gida, akurki a gindin katanga, da sassafe uwargida ta zuba musu dusa da ƙanzon tuwon jiya. Wannan kiwo shi ne asusun mata. Ranar da ciwo ya faɗo, ko aka tashi haɗa kayan ɗakin yarinya, tunkiya ake ja zuwa kasuwa. Ko kashinsu ba a asararsa: da rani masu jakai kan bi lungu-lungu su cika mangala da taki, su kai gonakin da ke kewaye da ganuwa. Da takin nan ake noma gonakin shekara da shekaru ba hutu. Idan akuyar wani ta yi ɓarna, magana ba ta wuce zauren mai unguwa.

Tunanin ware wurin zama daban da na sauran harkoki, Turawa ne suka zo da shi. A 1917, zamanin Gwamna Lugga, aka kafa dokar garuruwa wadda ta kasa su aji uku, Legas ita kaɗai a aji na ɗaya. Aka keɓe wa Turawa unguwanninsu, aka bar fili mai faɗin yadi 440 tsakaninsu da 'yan ƙasa, ba a yarda kowa ya zauna a ciki ba, saboda tsoron sauro da cututtukan da yake ɗauka. A Kano, Nasarawa da Bompai ne ɓangaren Turawa, birni kuwa yana hannun Sarki da En'e, wato hukumar gargajiya. Abin da ya iso ƙofar talaka daga wannan tsari shi ne duba-gari. Dattawa har yanzu suna tuna shi: ya leƙa randa, ya duba kwata da salga, in ya ga ƙazanta sai sammaci da tara.

Bayan samun 'yanci dokoki suka yi ta hawa kan juna. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna, takardar mallaka kuma ta riƙa faɗin abin da aka ba da fili dominsa, zama ko kasuwanci ko noma. A 1992 aka yi dokar tsara birane mai lamba 88. Tsarin mulkin 1999 ya sa lura da dabbobin da ake ajiyewa a gida cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Duk da haka ragon layya bai fasa kwana a ƙofar gida ba, har a unguwannin da Turawan suka bari.

Watan Fabrairu 2006 ne ya girgiza mutane, lokacin da aka tabbatar da murar tsuntsaye samfurin H5N1 a wata gonar kaji da ke Jaji a jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka. Cutar ta shiga Kano, aka kashe kaji dubbai aka binne. Sai a lokacin da yawa suka lura cewa kajin da ake kwana da su a tsakar gida na iya jawo wa iyali ciwo.

Ni abin da ke damuna shi ne, gidajen sun tsuke, kiwon kuma ya sauya. Ana raba fuloti ɗaya gida biyu ko uku, sannan wani ya zuba kajin gidan gona ɗaruruwa a bayan tagar maƙwabcinsa. Wari da ƙuda su hana mutane cin abinci a tsakar gida, ruwan wankin keji ya bi kwata yara na wasa a ciki, masu jakan da ke kwashe taki kuma sun yi ƙaranci. Wannan cutar da maƙwabci ne, kuma addini ya hana. Amma hana kiwo gaba ɗaya zalunci ne ga bazawarar da awakinta uku ke biya wa marayu kuɗin makaranta. Abin da nake so in gani daga ƙananan hukumomi shi ne ƙa'ida a rubuce da Hausa, a zauna da masu unguwanni a tsara ta: dabba nawa gida zai ɗauka gwargwadon girmansa, taku nawa tsakanin keji da tagar maƙwabci, da kuma ranar da za a zo kwashe taki.