Sanarwar Sojoji Ta Zo da Kuskure: Amsoshin Tambayoyin da Kuka Ishe Ni da Su

Yaran da ke koyon aiki a ɗakin labarai da masu manyan shafuka a Facebook, tambayoyinku kan sanarwar sojoji ba sa canjawa. Na gaji da maimaita amsa a WhatsApp. Ga su nan wuri ɗaya, duk wanda ya sake tambayata wannan zan turo masa.

Malam, sanarwar da ta fito daga ofishin kakakin soja ma ana samun kuskure a cikinta?

Ana samu. Mutum ne ya rubuta ta.

To ai tana ɗauke da tambarin runduna da sunan babban hafsa.

Tambari inda takarda ta fito yake nuna maka, iyakarsa ke nan. Ranar 16 ga Afrilun 2014, kwana biyu bayan sace 'yan matan Chibok, kakakin Hedikwatar Tsaro na lokacin, Manjo Janar Chris Olukolade, ya sanar cewa an kuɓutar da su, saura takwas kawai. Shugabar makarantar da iyayen yaran suka ce ba su ga kowa ba. Kafin mako ya fita aka janye maganar, aka ce rahoto ne ya zo daga fagen daga aka yarda da shi. Daga baya aka tabbatar 'yan mata 276 aka ɗauka. Wannan ma da tambari ta fito, kuma gidajen labarai da dama sun watsa ta yadda take.

Da gangan suke yi, ko kuskure ne?

Kowanne akwai, kuma kada ka haɗa su. Ɓoye gaskiya daban yake. Pat Tillman, ɗan wasan ƙwallon Amurka da ya bar wasa ya shiga soja, harsashin 'yan uwansa sojoji ne ya kashe shi a Afghanistan ranar 22 ga Afrilun 2004, amma aka bar jama'a da labarin cewa abokan gaba ne, sai bayan makonni iyalinsa suka ji gaskiya. Abin da kai za ka fi cin karo da shi a teburinka bai kai nan ba. Sakaci ne tsagwaronsa: adadin da ke kanun labari ya saɓa da na ciki, kwanan watan bara, ƙauyen da aka kai wata jiha, jimlar da aka fara ba a ƙarasa ba.

Me ya sa abin ya ƙara yawa yanzu?

Saboda an daina karantawa a bayan mai rubutu. Da, takarda kan bi ta hannun mai buga tafireta, babban hafsa ya duba, ta je kamfanin dillancin labarai na NAN, editan dare ya sake bi ta kanta kafin ta kai ga mai karatu. Yanzu daga wayar jami'i sai X da zauren WhatsApp na 'yan jarida, ana tsere da bidiyon 'yan bindiga. Sauri ya haifi nawa. Sau da yawa tsohuwar sanarwa ake buɗewa a canja suna da adadi, shi ya sa kake tsintar sunan garin makon jiya a sakin layi na uku. Sannan ga muƙami. A ɗakin labarai ƙaramin edita zai iya maido wa babban wakili rubutunsa ya ce gyara. A bariki, wane kyaftin ne zai ce wa janar jimlarsa ba ta tsaya ba?

Sojojin Najeriya ne kaɗai ke haka?

Ku daina wannan raina kan. Amurka tana da makaranta sukutum a Fort Meade da ke koyar da jami'an hulɗa da jama'a na soja, amma a Disambar 2019, wajen tuna cika shekara 75 da wani babban yaƙi da Jamus, wata rundunarta ta ɗora hoton Joachim Peiper a Facebook, hafsan Nazi da dakarunsa suka kashe fursunonin yaƙi Amurkawa 84 a Malmedy. Ranar 6 ga Janairun 2020 kuma wata wasiƙa da ke ɗauke da sunan Birgediya Janar William Seely ta bazu tana nuna kamar Amurka za ta fice daga Iraƙi. Sai da Janar Mark Milley, babban hafsan hafsoshin sojojin Amurka na lokacin, ya fito da kansa ya ce daftari ne marar sa hannu, bai kamata ya fita ba.

Saura minti ashirin labarai, na ga kuskure ƙuru-ƙuru a sanarwar. In gyara da kaina ko in karanta yadda take?

Wannan ce tambaya ta gari, kuma ba ta da amsa ɗaya. Ya danganta da irin kuskuren.

In na rubutu ne zalla, harafi ya faɗi ko nahawu ya karkace, gyara ka wuce, ba sai ka sanar da kowa ba. Dama Hausa za ka mayar da ita. Amma ko a nan ka yi hattara da sunayen wurare, domin abin da kake gani kamar tuntuɓen yatsa yana iya zama wani gari ne daban. Maradun tana Zamfara, Maraɗi tana Nijar. Akwai Ƙaura ta Kaduna, akwai Ƙauran Namoda ta Zamfara. Sabon Gari da Tudun Wada kuwa ba a ƙirga su. Ka "gyara" suna bisa zato, ka tayar da hankalin mutanen garin da babu abin da ya same shi, kuma yanzu laifin naka ne.

In adadi ne, kada ka taɓa shi. A ce sama an rubuta an kashe 12, ƙasa an rubuta 21. Ba aikinka ba ne ka zaɓi wanda ya fi kwanta maka. Kira kakakin da sunansa ke ƙasan takardar, in bai ɗauka ba ka tura saƙo a rubuce don ka sami shaida. In lokaci ya ƙure, hanya biyu ce: ko ka bar adadin ka ce rundunar ta ce ta kashe wasu 'yan bindiga, ko ka faɗa wa mai sauraro cewa sanarwar ta kawo adadi biyu. Ni ta biyun na fi so in labarin babba ne, ko da yake na san editocin da za su ce hakan tsokana ce, kuma a wasu gidajen za a kira ka ofis. Ka san gidan da kake.

In kuwa sanarwar ba ta saɓa wa kanta ba, mutanen gari ta saɓa wa, to ba kuskuren rubutu ake magana ba, kuma ba gyara za ka yi ba. Ka kawo ɓangarorin biyu, kowa da sunan mai maganar. Ka kuma faɗi wace runduna ce ta yi magana, kada ka ce "sojoji sun ce" kawai. Bayan harin Tudun Biri na 3 ga Disambar 2023, rundunar sama ta ce ba ta kai farmaki a Kaduna ba a wannan tsakanin, sai ga shi jirgi marar matuƙi na sojojin ƙasa ne ya faɗa wa masu Mauludi, hukumar ba da agajin gaggawa ta NEMA ta ce an binne mutum 85. Wanda ya rubuta "sojoji sun musanta" a ranar ya ɓatar da masu karatunsa, alhali bai ƙara ko harafi a sanarwar ba.

Ban da kuskuren rubutu zalla, muƙami da lambar runduna su ne kaɗai zan bar ka ka gyara ba tare da waya ba, shi ma in ka tabbata. Runduna ta 7 tana Maiduguri, ta 8 tana Sakkwato, ta 1 tana Kaduna, ta 3 tana Jos. Sai dai hafsoshi suna samun ƙarin girma, dakaru kuma ana tura su aiki wajen yankinsu, don haka abin da ka haddace bara yana iya tsufa. In zuciyarka ta yi rawa, koma ga waya.

An ce an kashe wani babban kwamandan 'yan ta'adda. In sa a kanun labarai?

Sa, da "in ji rundunar" a jikinsa. Abubakar Shekau, shugaban Boko Haram, an ce mai yiwuwa ya mutu a 2013, an sake sanar da mutuwa a 2014, a Agustan 2016 aka ce an yi masa raunin da ba zai tashi ba, wata na gaba ya fito a bidiyo. Sai a Mayun 2021 ya mutu a dajin Sambisa, a arangama da ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram.

Hotunan da suke turowa fa?

Bincika su a Google kafin ka ɗora. Minti biyu ne.

Malam, tona kuskurensu ba karya gwiwar dakarunmu ba ne?

Wa ya gaya maka? Yaron da ke kwana a rami a Damboa ba shi ya rubuta sanarwar ba, kuma shi ya fi kowa cutuwa in mutane suka daina yarda da maganar rundunarsa, har ranar da ya yi nasara ta gaske a ce ƙarya ce. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kwantar da hankalinka, yawancin kakakin soja in ka kira su cikin ladabi ka nuna musu layin, godiya za su yi, domin gara kai da ogansu ya gani. Abin da ba na so shi ne ka ɗauki hoton kuskuren ka ɗora a shafinka kana dariya tun ba ka kira kowa ba.

In suka janye sanarwa bayan mun riga mun watsa?

Ka watsa janyewar a shiri ɗaya, da girma ɗaya, ka faɗi abin da aka ce da farko. Goge rubutu a ɓoye ba gyara ba ne.

Zan iya kwafe sanarwar gaba ɗaya in sa sunana a sama?

A'a.