Ruwaito ƙaryar 'yan siyasa a kafafen yaɗa labarai

Batu ne a aikin jarida da ya shafi abin da ɗan jarida zai yi idan ɗan siyasa ya faɗi abin da ba gaskiya ba: ya kawo maganar yadda ta fito, ko ya haɗa ta da gyara. A Amurka aka fi tafka wannan muhawara.

Tarihi

Ranar 9 ga Fabrairun 1950, Sanata Joseph McCarthy ya yi jawabi a garin Wheeling na jihar West Virginia, ya ɗaga wata takarda ya ce tana ɗauke da sunayen 'yan gurguzu da ke aiki a ma'aikatar harkokin wajen Amurka. An ruwaito ya ce su 205 ne, daga baya ya koma 57. Jaridu suka buga yadda ya faɗa, domin al'adar wancan zamani ita ce duk abin da sanata ya furta labari ne, tantancewa kuwa ba hurumin wakilin jarida ba ne. McCarthy ya san lagon, yakan saki zargi dab da lokacin buga jarida, sa'ad da babu sararin bincike. Mutane da dama sun rasa aiki da mutunci kafin Edward R. Murrow na tashar CBS ya jera faifan jawaban sanatan a Maris ɗin 1954, masu kallo suka ga yadda yake tufka da warwara. A Disambar shekarar Majalisar Dattawa ta tsawatar masa.

Bin diddigi

An kafa shafukan bin diddigin maganganun 'yan siyasa a Amurka: FactCheck.org a 2003, PolitiFact a 2007. Sashen bin diddigi na jaridar Washington Post ya ƙirga maganganu 30,573 na ƙarya ko masu ɓatarwa da Donald Trump ya yi a wa'adinsa na farko na shugabancin Amurka. A Nuwamban 2020, tashoshin ABC da CBS da NBC sun katse jawabinsa kai tsaye yayin da yake iƙirarin an yi maguɗin zaɓe ba tare da hujja ba. George Lakoff, masanin harshe, ya ba da shawarar a fara da gaskiya, a kawo iƙirarin a taƙaice, sannan a maimaita gaskiyar.

A Najeriya, kafar bin diddigi mai suna Dubawa ta soma irin wannan aiki a 2018.

Saɓani

A 2016 New York Times ta kira iƙirarin Trump cewa ba a Amurka aka haifi Obama ba ƙarya ƙarara. Gidan rediyon NPR ya guji yin haka, bisa dalilin cewa ba a sanin niyyar mai magana.