Waiwaye: Indiya da Pakistan, kullum ana gab da shiryawa sai wani abu ya ɓarke

Mu da muka taso da kallon fim ɗin Indiya da yawanmu ba mu san cewa Dilip Kumar, wanda asalin sunansa Yusuf Khan, a Peshawar aka haife shi ba, garin da yanzu yake cikin Pakistan. Janar Musharraf kuma da ya mulki Pakistan haifaffen Delhi ne, shi ko Manmohan Singh da ya yi firaministan Indiya ƙauyensu yana ɓangaren Pakistan. Wato dai gida ɗaya ne aka ja katanga a tsakiya.

Katangar nan a watan Agustan 1947 aka ja ta lokacin da Turawan Ingila za su tafi, suka ɗauko wani lauya Cyril Radcliffe wanda bai taɓa taka ƙasar ba a rayuwarsa, cikin sati biyar kacal ya zana iyakar da ta raba lardunan Punjab da Bengal tsakanin Indiya da Pakistan. Sama da mutum miliyan 10 suka bar gidajensu, Musulmi suna gudu Pakistan, Hindu da Sikh suna gudu Indiya, dubban ɗaruruwa suka mutu a hanya, har jirgin ƙasa yakan iso tasha cike da gawa.

Sai Kashmir. Mafi yawan mutanenta Musulmi ne amma sarkinsu Hari Singh ɗan Hindu, a watan Oktoban 1947 ya sa hannu ya bi Indiya, daga nan yaƙin farko. Aka sake gwabzawa a 1965, sannan 1971 wanda a shi ne Pakistan ta Gabas ta ɓalle ta zama Bangladesh. A 1972 firaministar Indiya Indira Gandhi da shugaban Pakistan Zulfikar Ali Bhutto suka zauna a Simla suka ce daga yau tsakaninmu za mu riƙa sasantawa.

Abun da yake ba ni haushi a tarihin nan shi ne yadda sulhu yake zuwa bakin ƙofa sannan ya juya. Duba fa, a watan Mayun 1998 dukkansu suka gwada makamin nukiliya duniya ta tsorata, amma a Fabrairun 1999 firaministan Indiya Vajpayee ya hau bas da kansa ya tsallaka iyakar Wagah ya je Lahore a Pakistan, takwaransa Nawaz Sharif ya tarbe shi aka yi ta rungume-rungume, ko wata uku ba a cika ba sai ga yaƙi a duwatsun Kargil da ke Kashmir. A 2004 'yan wasan kurket na Indiya suka je Pakistan, aka ba dubban 'yan kallo biza, suka dawo suna ba da labarin masu shago da direbobin tasi a Lahore da suka ƙi karɓar kuɗinsu wai ai baƙi ne. A 2005 har bas ta fara jigila tsakanin Srinagar a Kashmir ɗin Indiya da Muzaffarabad a Kashmir ɗin Pakistan. Sai harin Mumbai na Nuwamban 2008, aka kashe mutum 166, komai ya tsaya cak. Firaministan Indiya Narendra Modi ma ya gwada, ya sauka Lahore ba zato ranar 25 ga Disambar 2015, sati ɗaya bayan nan aka kai hari sansanin sojan saman Indiya na Pathankot. Ni dai na kasa yarda cewa duk katari ne, a kowane ɓangare akwai waɗanda gabar nan ita ce abincinsu.

Duk da haka akwai abu ɗaya da ya daɗe bai karye ba, yarjejeniyar rabon ruwan kogin Indus da firaministan Indiya Nehru da shugaban Pakistan Ayub Khan suka sa wa hannu a Karachi a 1960 da taimakon Bankin Duniya. An yi yaƙin 1965 da 1971 da Kargil ba wanda ya taɓa ta. To ita ma Indiya ta dakatar da ita bayan kashe mutum 26 a Pahalgam da ke Kashmir ɗin Indiya ranar 22 ga Afrilun 2025, kuma noman Pakistan kusan kacokan a kan ruwan nan yake. A watan Mayu suka yi kwana huɗu suna jifan juna da makamai masu linzami da jirage marasa matuƙi kafin a tsagaita ranar 10.

Talakawa kuwa, ku tuna hanyar Kartarpur da aka buɗe a Nuwamban 2019 dan 'yan Sikh na Indiya su riƙa ziyartar wurin da Guru Nanak, wanda ya kafa addininsu, ya ƙare rayuwarsa a Pakistan ba tare da biza ba. A nan ne a 2022 wasu tsofaffi biyu, wa da ƙani da rabon ƙasar ya raba tun suna yara, suka haɗu bayan shekara 74 suna ta kuka. Rikicin watan Mayu ya sa aka rufe hanyar, kuma da ƙungiyoyin kurket ɗinsu suka haɗu a Dubai a Satumban 2025 ko musabaha ba a yi ba.