Sai mai digiri da dukiya ke tsayawa takara?

An daɗe ana faɗa a ƙauyukan Kano da Jigawa cewa manomi ko tela bai isa ya nemi kujerar majalisa ba sai yana da digiri da dukiya. Ba abin mamaki ba ne, tunda galibi masu hali ake gani a jikin fosta.

Amma tsarin mulkin 1999 bai faɗi haka ba. Sashe na 106 ya gindaya wa mai neman majalisar jiha sharuɗɗa huɗu: ya zama ɗan Najeriya, ya kai shekara 25, ya yi karatu zuwa matakin kammala sakandare ko kwatankwacinsa, kuma jam'iyyarsa ta tsayar da shi. Telan da ya gaji da ganin famfon burtsatsen garinsu a lalace yana da wannan dama. Kuɗin fom, wanda shi ke karya gwiwar talaka, jam'iyyu ne ke yankawa.

Kundin yana intanet. A sa ɗalibi ya buɗe a waya ya fassara sashen, har da na 107 mai bayyana waɗanda aka hana. Tsohon bugu zai ce shekara 30. An rage a 2018.

Don Allah a tura wa 'yan'uwa wannan bayani.