Ƙuri'ar ƴan wasa wajen nuna makamantan kwaskwarimar wasannin bidiyo

Ƙuri'ar makamanta hanya ce da rumbunan kwaskwarimar wasannin bidiyo, wato shafukan intanet da ake tara ta a ciki, ke bi domin nuna wa mutum abin da ya kamata ya sauke bayan wanda ya riga ya gwada ya ji daɗinsa. Kwaskwarima, wadda ƴan wasa ke kira mod, gyara ne da wani mai sha'awa ya yi wa wasan da kamfani ya fitar: ya ƙara mota, ya canza wa ƙungiyar ƙwallo riguna, ya gina sabon gari, ko ya toshe wata ɓaraka da kamfanin ya bari. A wannan tsari ƴan wasa da kansu ne ke kawo shawara, wasu su amince, wasu su ƙi, wadda ta fi samun goyon baya ta hau sama.

Asali

Wasan Doom na 1993 ne ya buɗe ƙofa sosai, domin kamfanin id Software ya ware taswirori da hotunan wasan cikin fayiloli na dabam da kowa zai iya musanyawa. A 1999 Minh Le da Jess Cliffe suka fitar da Counter-Strike a matsayin kwaskwarimar Half-Life, ta yi farin jini har kamfanin Valve ya saye ta. Daga nan kaya suka yi yawa, matsala ta tashi daga rashin abin saukewa ta koma rashin sanin wanne za a zaɓa.

Manyan rumbuna sun taso a wannan tsakani. Robin Scott ya kafa abin da ya zama Nexus Mods a Ingila a 2001, Scott Reismanis ya buɗe Mod DB a Ostireliya a 2002, Valve kuma ya ƙaddamar da Steam Workshop a watan Oktoban 2011. Kowanne ya jingina ga ƙuri'ar jama'a, ko da yake salonsu ya bambanta.

Yadda take aiki

A Nexus Mods ƙuri'ar yabo kaɗai ake jefawa. Ba a ba mutum damar yabon kwaskwarima sai ya sauke ta, ya kuma jira minti 15, domin a rage masu yabon abin da ba su ko buɗe ba. A Steam Workshop akwai yatsa sama da yatsa ƙasa, idan ƙuri'u sun taru a mayar da su taurari, daga ɗaya zuwa biyar. Mod DB yana gudanar da zaɓen gwanin shekara a zagaye biyu: a fara tace guda 100, sannan a zaɓi zakaru a watan Disamba.

Duk waɗannan suna amsa tambayar “yana da kyau?”. Ƙuri'ar makamanta tana amsa wata ce: “wanda ya so wannan, me zai so kuma?”. Ana samun amsar ta hanyar alamomin da jama'a ke liƙa wa kwaskwarima, da jerin da mutum ɗaya ya haɗa wasu suka yaba, irin tarin da Nexus Mods ya fara a 2021, da kuma shawara kai tsaye, inda wani zai danganta abu biyu a bar sauran su tabbatar.

Akwai wata hanya da ba ta buƙatar bakin kowa, inda kwamfuta ke lura cewa masu sauke wannan su ne masu sauke wancan, kamar yadda Amazon ke yi da kayan sayarwa tun ƙarshen shekarun 1990. Tana da sauri, amma ba ta san dalili ba. Kusan duk mai yi wa GTA San Andreas kwaskwarima yana sauke manhajar CLEO, saboda haka kwamfuta za ta riƙa nuna ta a matsayin makamanciyar komai, alhali ginshiƙi ce kawai da sauran ke hawa. Mutum shi ne ya san cewa gyaran hasken gari da gyaran ruwan sama sun dace da juna, ko cewa wasu biyu suna taɓa fayil ɗaya, in an haɗa su wasan ya tsaya cik. Wannan sanin shi ne darajar tsarin, kuma ba ƙaramin abu ba ne.

Lissafin ma yana da nasa wayo. Abin da mutum 2 suka yaba babu mai kushewa bai kamata ya wuce wanda 90 cikin 100 suka yaba ba. Wata dabara da Edwin Wilson ya wallafa a 1927 tana magance wannan, kuma dandalin tattaunawa na Reddit ya fara amfani da ita a 2009.

Rauninta

Babban ciwon tsarin shi ne wanda ya riga ya hau sama shi ake gani, wanda ake gani shi ake zaɓa. A 2006 masu bincike Salganik da Dodds da Watts suka wallafa gwaji a mujallar Science, inda mutane sama da 14,000 suka saurari waƙoƙi 48 na mawaƙan da ba a sani ba. Da aka bar su suna ganin zaɓin wasu, tazara tsakanin na sama da na ƙasa ta ƙaru, kuma wanda zai yi nasara ya daina tsinkayuwa. Wani binciken na 2013 a mujallar ya nuna ƙuri'ar yabo guda ɗaya tak da aka saka da gangan tun farko ta ɗaga makin ƙarshe da kusan kashi 25 cikin ɗari. Sabon mai aiki, komai gwanintarsa, da wannan yake kokawa.

Yawan yabo kuma ba shaidar tsaro ba ne. A watan Yunin 2023 aka kutsa cikin asusun wasu sanannun masu kwaskwarimar wasan Minecraft a rumbun CurseForge, aka cusa muguwar manhaja mai suna Fractureiser cikin kayan da dubban mutane suka riga suka amince da su. Ƙuri'un da ke jikinsu na tsofaffin fayiloli ne.

A Yamai da Tawa

Matasan Yamai da na Tawa sun san kwaskwarima sarai, musamman ta wasannin ƙwallo irin PES, da GTA San Andreas wanda ya sauka a salula a ƙarshen 2013, da wasannin tuƙin bas da manyan motoci. Sai dai hanyar da take bi ta iso hannunsu dabam ce. Mega tana da tsada, don haka mutum ɗaya ne ke saukewa, saura su karɓa ta Xender, ko a katin memori, ko a wurin mai tura wasanni a kasuwa. Fayil ɗaya zai iya zagaye fada guda da ta maƙwabta, amma a rumbu saukewa ɗaya aka rubuta. Wanda ya karɓa daga hannun aboki ba shi da rajista, a Nexus Mods ma ba shi da ikon yabo tunda ba daga can ya sauke ba. Ga kuma shingen harshe: yawancin bayanan da Turanci suke, ɗalibin Nijar kuwa da Faransanci ya yi karatu.

Sakamakon haka, jerin makamanta hoton ɗanɗanon masu manyan kwamfutoci ne da intanet marar yankewa. Abin takaici ne, domin tambayoyin da ɗan Tawa ke yi kafin ya karɓi fayil tambayoyi ne masu ma'ana: mega nawa ne, zai tashi a ƙaramar Tecno ko itel, yana aiki ba tare da intanet ba, akwai ƴan wasan Afirka a ciki? Amsarsu a fada ake samunta, wurin wanda ya riga ya gwada, kamar yadda mai sayen rago ke neman dillalin da ya san garken. Shawarar baka irin wannan ta fi dacewa da na'urar da ke hannu, amma tana ɓatar da sunan wanda ya yi aikin, tana yaɗa tsohon fayil bayan an gyara shi, kuma ba ta komawa rumbu. Lokacin da Nexus Mods ya fara raba wa masu kwaskwarima lada a 2018, bisa yawan mutanen da suka sauke aikinsu ya yi lissafi, don haka duk fayil ɗin da ya bi ta Xender ba ya shiga rabon mai shi.