Masu Sa Ido Kan Itatuwa: Yadda Ake Horar da 'Yan Sa-kai Su Gano Baƙin Ƙwari da Cututtuka

Me ya sa za a ɗora wa mutanen gari wannan aiki, alhali akwai ma'aikatan gandun daji?

Saboda ma'aikacin gandun daji ɗaya kan riƙe ƙauyuka masu yawa, wani wurin ma sai ya shafe watanni bai taka ba. Mai shayin da ke zama ƙarƙashin darbejiya a Marwa, arewacin Kamaru, kuwa kullum yana ganin ganyen da ke zuba a kan teburinsa. Baƙon ƙwaro, wato wanda aka shigo da shi daga wata ƙasa ya bar abokan gabansa a can, yana da sauƙin murƙushewa ne a lokacin da yake kan itace biyar ko goma. In ya cika unguwa, sai dai a yi ta lallaɓawa.

Yankinmu ya riga ya ɗanɗana. A tsakiyar shekarun 1980 wani ƙwaro mai ɓawo da masana ke kira Aonidiella orientalis ya auka wa darbejiya a kewayen Tafkin Chadi, ya taɓa Kamaru da Chadi da Nijar da Najeriya, itatuwa da yawa suka bushe. Ita kanta darbejiyar daga Indiya aka kawo ta, kuma mun shuka ta jere-jere a tituna da makarantu da kasuwanni. Idan inuwar gari duk ta iri ɗaya ce, ƙwaro ɗaya ya isa ya tone ta.

Wa ya kamata a zaɓa?

Masu renon dashe su ne na farko, don a hannunsu ƙananan itatuwa ke wucewa. Sai masu lambun mangwaro da gwaba, masu ɗiban ƙaro, matan da ke zuwa itacen girki, makiyaya, da malamin makaranta ko ɗaya da zai riƙe littafi. A bi ta hannun lawan ko jauro ko bulama, don kada mai gona ya ga baƙo yana leƙa masa itace ya ɗauka wata manufa ce. Rukuni ɗaya kada ya wuce mutum 15, in ba haka ba wasu za su koma gida ba su taɓa gilashin dubawa ba.

Da me ake fara horon?

Da lafiyayyen itace, kafin a nuna hoton ko ƙwaro ɗaya. Wanda bai san yadda itace ke rayuwa a shekara ba, zai cika ofis da rahoton banza. Gawo yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, wannan ɗabi'arsa ce. Kuka tana tsayawa tsirara duk rani. Kaucin da ke kan kaɗanya ɗan gida ne, haka tsutsar da ke cin tohon maɗaci ta sa shi yin rassa barkatai. Suna ɓarna, amma sun daɗe tare da mu. Akwai kuma abin da ba ƙwaro ya jawo shi ba: ƙishirwa, gobarar daji, siminti da aka zuba har gindin itace, dashen da aka binne da ledarsa har saiwa ta nannaɗe.

Ko a 1990, da aka ga darbejiya tana lalacewa a Nijar, rassanta suna tsawo ba ganye sai ɗan tuntu a ƙarshe kamar wuyan raƙumin dawa, an yi ta neman ƙwayar cuta, daga baya hankalin masu bincike ya fi karkata ga wahalar fari da taurin ƙasa. Ɗan sa-kai ya riƙe wannan: aikinsa ya gani, ya rubuta, ya kai labari. Faɗin sunan cuta na masu awo ne.

To waɗanne alamu zai nema?

A darbejiya ya juya ganye ya duba bayansa da ƙananan rassa. Ƙwaro mai ɓawo yana manne ne kamar ƙwayar gero da aka latse, faɗinsa kamar milimita 2, launinsa rawaya-rawaya zuwa ruwan ƙasa, ba ya motsi. Ya murje shi da farce: in ruwa ya fito yana da rai, in ya zama gari ya mutu. In ya ga ɗan rami zagayayye a kan ɓawon, wani mitsitsin rina ne ya cinye shi ya fita, kuma wannan labari ne mai daɗi da ya kamata a rubuta.

A mangwaro da gwanda ya nemi farin abu kamar auduga a bayan ganye, da baƙin shafi kamar kunkunniya a samansa, da tururuwa suna hawa da sauka. Baƙin yana tsirowa ne a kan ruwan zaƙin da ƙwaron ke zubarwa, yana hana ganye shan rana. Wancan ƙwaro na darbejiya ba ya zubar da irin wannan ruwa, don haka kunkunniya alama ce ta wani daban.

A turare, musamman ƙanana a wurin reno, ya duba ƙulu-ƙulu a jijiyar tsakiyar ganye da wutsiyarsa da sabon toho. Aikin wani ƙaramin rina ne ɗan asalin Ostireliya, Leptocybe invasa, wanda ya bazu a ƙasashen Afirka da dama tun farkon shekarun 2000.

A gangar kowane itace ya nemi ramuka ƙanana kamar an soka allura, da garin itace a bakinsu, ko danshi da ƙaro suna tsiyaya. Irin wannan alama ce ta wani ƙwaro mai huda itace da aka gano a Afirka ta Kudu a 2017, yana shigar da naman gwari cikin jijiyoyin itace, kuma a itacen wuta yake tafiya daga gari zuwa gari.

Wane kaya zai riƙe?

Gilashin dubawa mai ƙara girma sau 10, wuƙa ko almakashin yanka reshe, ambulan takarda, ƙaramar kwalba mai murfi da alkol mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari, fensir, littafi, da waya mai kyamara in akwai. Fensir aka ce, domin alkol yana wanke tawadar biro.

Yaya ake ɗaukar samfur ba tare da an lalata shi ba?

Nan ne aka fi yin kuskure. Ganyen da aka ƙulle a leda cikin zafin watan Afrilu yakan ruɓe kafin la'asar, ya isa ofis ba abin da za a gane. Ganye a takarda ake sa shi, a shimfiɗe. Ƙwaro mai laushi a jefa shi cikin alkol, mai ɓawo kuma a yanko shi tare da ganyensa, kada a kankare. In reshe ne ke bushewa, a yanko daidai inda matacce ya haɗu da mai rai, don busasshen ƙirin ba ya nuna komai. A rubuta sunan itace, wuri, kwanan wata da yawan itatuwan da suka kamu, a sa takardar cikin kwalbar. Bayan kowane itace a goge wuƙa da alkol, ko ruwan jabel kashi 1 cikin ruwa kashi 9.

Hoto uku ake so: itacen gaba ɗaya, reshen, sai ƙwaron dab da kusa da tsinken ashana a gefensa don a san girmansa. Kada a ɗauki ƙwaro mai rai a buɗe zuwa wani gari.

Ina za a riƙa dubawa, kuma sau nawa?

Kowa ya ɗauki itatuwa 20 zuwa 30, ya sa musu lamba da fenti, ya zagaya su sau ɗaya a wata. A fi mai da hankali inda kaya ke shigowa: tashar mota, kasuwar itace da katako, wuraren renon dashe, da mashigar iyaka irin gadar Ngeli tsakanin Kusiri da Injamena. Sabon dashen da aka sayo daga nesa a ware shi gefe mako 3 zuwa 4 ana dubawa kafin a raba. Watan da ba a ga komai ba ma a rubuta, domin da shi za a san lokacin da abu ya fara.

Wa ake kai wa rahoto?

A Kamaru, ofishin gandun daji ko na noma mafi kusa, su kuma su miƙa wa cibiyar binciken noma ta IRAD da ke da rassa a Marwa da Garwa. A Chadi, ma'aikatan gandun daji da sashen kare tsirrai, ko cibiyar binciken noma ta ITRAD. Tun ranar horo a sanar da mutum ɗaya da zai karɓi saƙo, kuma ya riƙa mayar da amsa. Wanda ya aiko hoto sau biyu aka yi masa shiru ba zai aiko na uku ba.

Me zai hana a fesa magani kawai a huta?

Ɓawon ƙwaron yana kare shi daga feshi, maganin kuma ya kashe ƙananan rinan da ke cinsa, bayan 'yan makonni ya dawo fiye da da. Farin ƙwaron mangwaro da ya shigo Afirka ta Yamma a farkon shekarun 1980 ba feshi ya kwantar da shi ba. Cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, da abokan aikinta ne suka saki rina iri biyu da aka samo daga Indiya. Kafin amsar rahoto ta zo, abin da ɗan sa-kai zai iya yi shi ne ya roƙi mai itacen kada ya sayar da dashe ko itacen wuta daga wurin, a yanke rassan da suka kamu sosai a ƙone su nan take, a kuma ba itacen ruwa in da hali.