Injin kofin espresso ya kunnu amma tukunyarsa ta ƙi zafi: tambayoyi da amsoshi

Fitila ta kama, famfo yana aiki, amma ruwan sanyi ke fitowa. Elemen (ƙarfen da ke zafafa ruwan) ne ya ƙone?

Mai yiwuwa ne, amma kada ka yanke masa hukunci tun yanzu. Kafin wuta ta isa elemen sai ta ratsa makunni, ta bi ta na'urar kariya daga zafi, sannan ta wuce tamostat (makunnin da ke yanke wuta idan zafi ya kai) ko abin da ke aikinsa. Ko wanne a cikinsu ya yanke, tukunya za ta zauna da sanyinta, alhali elemen lafiyarsa lau. Kuma duk sun fi elemen arha da sauƙin canzawa. Don haka ana bin hanyar wutar ne daki-daki, daga bango zuwa tukunya.

Kafin ka kwance ko da noti ɗaya, zare filogi daga soket. Kashe makunni kawai bai isa ba, domin akwai wayoyin da ke ɗauke da wuta ko injin yana kashe. Idan akwai sauran zafi, buɗe bututun tururi har matsi ya sauka, ka bar shi ya huce. Sannan ka ɗauki hoton wayoyin da wayarka kafin ka zare ko wacce.

Me zan duba kafin in buɗe injin?

Ruwan tanki da zaman tankin. Injuna da yawa suna hana elemen wuta da zarar sun ji tanki ya yi ƙasa ko bai zauna daidai ba. Manyan injunan shago kuma sau da yawa makunninsu mataki uku ne: 0, 1, 2. Na 1 cika tukunya kawai yake yi, sai an kai na 2 take fara zafi.

Duba kuma farantin da ke ƙarƙashin injin. Wanda aka ƙera don Amurka na volt 120 ne. Idan aka jona shi kai tsaye a wutar volt 230 irin ta Najeriya, ƙarfin da elemen zai ja ya kusa ninka huɗu, nan take wani abu zai ƙone. Wuta mara ƙarfi ma tana ruɗar mutane: elemen mai wat 1200 na volt 230 idan ya sami volt 180 kacal, abin da zai bayar bai wuce wat 740 ba. Zai yi zafi, amma da nawa ƙwarai.

Ina na'urar kariyar take, kuma yaya ake gane ta yanke?

A jikin tukunya take. A injin Rancilio Silvia tamostat uku ne: na kofi mai digiri 100 a ma'aunin Celsius, na tururi mai 140, da na kariya mai 165. Wannan na ƙarshen yana da ɗan jan maɓalli a tsakiyarsa. Danna shi a hankali. Idan ka ji ya yi ƙas, to dama ya yanke, yanzu ya koma.

Gaggia Classic, wani samfurin injin, ba ta da maɓalli. Fiyus ɗin zafi gare ta mai digiri 184, a cikin ɗan bututun roba da aka danne a saman tukunya. Idan ya narke ya tafi ke nan, sai sabo, kuma yawanci injin gaba ɗaya yake mutuwa, ko fitila ba ta kamawa. Ana matse sabon ne da maƙalin waya, ba a yi masa dalma, saboda zafin dalmar kaɗai zai iya narkar da shi kafin ya fara aiki.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne dalilin yankewar. Ba ta yankewa haka kawai: ko tukunya ta bushe, ko tamostat ya maƙale ya ƙi kashe wuta. A Silvia bushewar ce ta fi yawa, domin ba ta cika kanta. Duk tururin da aka fitar don kumfar madara ruwa ne ya ragu, kuma elemen ɗinta a cikin ruwan yake. Bayan kowane tururi a kunna famfo har ruwa ya fito sosai. Kuma don Allah kada wani mai gyara ya haɗe wayoyin biyu ya tsallake kariyar wai don a ci gaba da aiki. Tukunya ce mai matsi, ranar da tamostat ya maƙale babu abin da zai tsayar da zafin.

Yaya ake gwada tamostat?

Sa multimita (mitar gwajin lantarki) a kan awon om, wato awon turjiya ga wuta, ka zare wayoyinsa, ka taɓa ƙafafunsa biyu. Idan yana da sanyi dole ya nuna kusan sifili. Idan bai nuna komai ba, ya mutu a buɗe. Akwai gwajin da ba sai an buɗe inji ba: a Classic da Silvia makunnin tururi yana tsallake tamostat ɗin kofi. Idan ka kunna shi tukunya ta fara zafi, elemen lafiya, tamostat ɗin kofi ne mai laifi. Na Gaggia mai digiri 107 ne, na tururinta 145. Wajen ɗaura sabo, shafa ɗan man isar da zafi, ka ɗaure da hannu kawai, don ƙaramin kan tagullarsa yana saurin karyewa a cikin rami.

To elemen ɗin fa?

Zare wayoyinsa ka auna tsakanin ƙafafun. Lissafin adadin da ya kamata ka gani mai sauƙi ne: ninka volt da kansa, ka raba da wat. Elemen mai wat 1200 a volt 230 zai ba da kusan om 44. Mai wat 1100, kusan om 48. Ɗan bambanci ba komai. Idan mita ta nuna a buɗe, ya yanke daga ciki.

Sai awo na biyu, wanda ake yawan mantawa: daga ƙafar elemen zuwa jikin tukunya. Nan bai kamata a ga haɗi ba sam. Idan an gani, rigar elemen ta tsage, ruwa ya shiga, shi ne ke sa makunnin kariya na gida ya riƙa faɗuwa. Ƙaramar mita ba koyaushe take kama wannan ba, sai mitar gwajin rufi mai volt 500 da masu gyaran lantarki ke riƙewa. Duba ƙafafun da idonka ma: roba da ta yi baƙi ko maƙali da ya saki yana hana wuta wucewa. Idan za ka canza elemen, canza gasket, zoben da ke hana yoyo, tare da shi. A Classic kuwa elemen a manne yake da jikin tukunyar, sai dai a sauya tukunyar.

Injina babba ne mai kan fitar da kofi samfurin E61, komai na sama lafiya. Saura me?

Irin waɗannan ba tamostat ke sarrafa su ba, makunnin matsi ne, wanda ke riƙe tukunya tsakanin bar 1.0 da 1.3 (bar ma'aunin matsi ne). Bakunansa suna ƙonewa da tsufa. A sanyi ya kamata su nuna haɗi. A masu PID (na'urar sarrafa zafi mai allo) kuma, idan allo ya nuna yana neman zafi amma wuta ba ta fita daga rile, makunni mai sarrafa kansa da ke bai wa elemen wuta, rilen ne. Wannan awon da wuta a jiki ake yin sa, a bar wa ƙwararre.

Sai sandar auna ruwa da ke saman tukunya. Akwatin sarrafawa a injuna da yawa ba ya barin elemen ya kama sai ruwa ya taɓa bakin sandar. Idan farar ƙasar da ruwa mai nauyi ke bari ta lulluɓe ta, ba ta jin ruwan, famfo ya yi ta cikawa har akwatin ya gaji ya tsayar da komai. Zare ta, ka jiƙa bakin a ruwan sitirik asid, kamar giram 20 a lita ɗaya, ka wanke, ka mayar daidai zurfin da take. Ruwan da aka tace har ya rasa ma'adinai ma yana jawo haka, don wutar lantarki ba ta bi ta cikinsa.

Agogon matsi ya nuna matsi ya kai, amma kofi sanyi. Me ke faruwa?

Matsin ƙarya ne. Ɗan bawul ɗin da ke fitar da iska lokacin ɗumi ya maƙale a rufe, iskar ta kumbura, makunnin matsi ya ɗauka tururi ne ya kashe elemen da wuri. Buɗe bututun tururi: idan allura ta faɗi nan take kuma elemen ya sake kamawa, shi ne. A wanke bawul ɗin, a sa masa sabon zoben roba, ko a canza shi gaba ɗaya.